Ƙaramin Awo, Aiki Daban: Kemo da Garkuwar Jiki a Maganin Sankarar Jini

Tsakure

An daɗe ana faɗin cewa idan aka rage awon kemo, garkuwar jikin mai sankarar jini za ta tsira, har ta sa hannu a yaƙin. Maƙalar nan ta bi sawun wannan magana daga kejin ɓerayen gwaji zuwa gadon asibiti. Abin da ta tarar shi ne, ƙaramin awo ya fi cin nasara a inda aka ba shi aikin share fage ga wata rundunar garkuwa da aka kawo daga waje ko aka ɗaura wa makami. Inda kuwa aka bar shi shi kaɗai, ribarsa ta rage guba ce, ba ta tayar da garkuwa ba. Maƙalar ta kuma raba tsakanin ragin da likita ya tsara da ragin da aljihu ya tilasta, domin a asibitocinmu na biyun ne ya fi yawa.

1. Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa zagayen safe a ɗakin masu cutar jini ya san tambayar da zan fara da ita. Kwana goma da gama kemo, yaro ya kwanta da zazzaɓi, bakinsa duk gyambo, ko kunu ba ya iya haɗiya, gashi ya fara zama a kan matashi. Sai uban ya biyo ka baranda, ya sassauta murya: "Likita, maganin nan fa ya fi ƙarfinsa. Ba za a ɗan rage masa ba?" Amsar da aka horar da mu a kanta guda ce: "Malam, a yi haƙuri. In aka rage, cutar aka yi wa sauƙi, ba yaron ba." Har gobe wannan amsa ita ce daidai a mafi yawan lokuta. Sai dai ta daina zama daidai a kowane lokaci, kuma dalilin da aka fi kawowa shi ne garkuwar jiki: wai babban awo yana kashe ɓarawo ya haɗa da mai gadi, ƙarami kuwa yana barin mai gadin da ransa.

Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ya kamata a matsa mata da tambaya. Akwai kuma abin da ya sa sankarar jini ta fita daban. Sankarar mama ko ta hanji maƙwabciyar garkuwar jiki ce, sankarar jini kuwa 'yar gida ce. Uwarsu ɗaya da fararen ƙwayoyin jini, a ɓargo ɗaya aka haife su, kuma idan ta cika ɓargon ita da kanta take hana a haifi nutrofil da sauran dakarun jiki. Ke nan maganin da aka sassauta har ya kasa share ɓargo bai tausaya wa garkuwar ba, ya dai bar ta a hannun wani makashin.

2. Yadda babban awo ya zama doka

A 1948 Sidney Farber ya wallafa sakamakon ba wa yara 16 maganin aminoftarin a Boston. Goma daga cikinsu cutar ta lafa musu, daga baya ta dawo. Bayanin dawowar daga ɓeraye ya fito. Howard Skipper da abokan aikinsa a Alabama sun nuna a 1964 cewa ƙwayar sankarar jini guda tak ta isa ta kashe ɓera, kuma awon magani ba adadi yake kashewa ba, kaso yake ɗauka: wanda ya kashe 99 cikin 100 na biliyan, 99 cikin 100 zai kashe na dubu. Mai sankarar jini mai saurin yaɗuwa yakan iso asibiti da ƙwayoyi wajen tiriliyan ɗaya, kuma ranar da muka duba ɓargonsa a madubin likita muka ce ta lafa, yana iya kasancewa da biliyoyi a jikinsa. Hukuncin lissafin a fili yake: a ba da iyakar abin da jiki zai ɗauka, a haɗa magunguna, a maimaita da zarar ɓargo ya farfaɗo. Tsarin "7+3" na 1973, kwana bakwai na saitarabin da kwana uku na daunorubisin, ɗan wannan tunani ne, kuma har yau shi ne ƙashin bayan maganin AML, ɗaya daga nau'o'in sankarar jini mai saurin yaɗuwa, ga mai ƙarfin jiki.

A wannan lissafi garkuwar jiki ita ce kuɗin da ake biya. Gerald Bodey ya auna kuɗin a 1966, inda ya nuna cewa haɗarin kamuwa da ƙwayoyin cuta yana hawa ne gwargwadon faɗuwar nutrofil da tsawon kwanakin da suka yi a ƙasa.

3. Abin da ɗakin gwaji ya gani

Gwajin da na fi so a wannan fage shi ne na Robert North, 1982, saboda sauƙinsa. Ya ɗauki ɓeraye masu ƙari a jiki. Waɗanda aka ba saiklofosfamaid kaɗai, ƙarin ya ɗan tsaya sannan ya ci gaba. Waɗanda aka zuba wa ƙwayoyin garkuwa masu suna T na ɓeran da ya riga ya san ƙarin, ko gezau. Waɗanda aka haɗa musu biyun, ƙarin ya narke gaba ɗaya. Sai ya ƙara mataki ɗaya: ya ɗebo ƙwayoyin T daga saifar wani ɓera mai ƙari ya zuba wa waɗanda aka haɗa musu biyun, nasarar ta rushe. Ashe aikin maganin a nan ba kashe ƙarin ba ne, kawar da wasu ƙwayoyin T ne da ke riƙe hannun 'yan'uwansu. Shimon Sakaguchi ya gano alamar da ake gane su da ita a 1995, aikin da ya kai shi ga raba kyautar Nobel ta 2025 da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. Zan kira su ƙwayoyin T masu taka birki.

A mutane, François Ghiringhelli da abokansa a Dijon ta Faransa sun ba wasu 'yan marasa lafiya miligiram 50 na saiklofosfamaid sau biyu a rana, mako ɗaya a sha, mako ɗaya a huta. Sun ba da rahoto a 2007 cewa masu taka birki sun ragu, sauran dakarun kuma sun dawo da kuzarinsu. Wannan salo na ba da magani ɗigo-ɗigo ba tare da dogon hutu ba ya yi suna ne tun 2000, daga aikin ɗakunan gwajin Judah Folkman da Robert Kerbel, ko da yake su jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari suke hari, ba garkuwa ba.

Hanya ta biyu da kemo zai iya taimakon garkuwa ta shafi irin mutuwar da ƙwayar sankara ke yi. Guido Kroemer da Laurence Zitvogel a Faransa sun nuna cewa dangin daunorubisin suna sa ƙwayar, kafin ta mutu, ta fito da wani furotin mai suna kalretikulin daga cikinta zuwa bayan fatarta. Ga ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye gawa su kai labari, wannan tamkar tuta ce. Gawar tana kuma zubar da sinadaran ATP da HMGB1, waɗanda ke kiran masu kai labarin su zo, su kuma ɗauki abin da muhimmanci. A lura, wannan ɗabi'ar dangin maganin ce, ba ta ƙaramin awo ba. Abin da ƙaramin awo zai iya ƙarawa kawai shi ne ya bar wanda zai ga tutar.

Ta uku ita ce ta azasaitidin da desitabin. An haɗa azasaitidin a Cekosulobakiya a 1964, aka gwada shi da babban awo a matsayin guba, gubar ta yi yawa aka ja baya. Peter Jones da Shirley Taylor sun nuna a 1980 cewa a ƙaramin awo yana cire wasu ƙananan makullai da ke rufe sassan DNA, kuma a ƙaramin awon ne Amurka ta amince da shi a 2004. A 2015 ɗakunan gwaji biyu, ɗaya a Baltimore ɗaya a Toronto, suka gano wani abin mamaki. Wajen kashi 8 cikin 100 na DNA ɗin ɗan'adam ragowar tsoffin ƙwayoyin bairos ne da suka shige mu tun zamanin kakanni aka kulle su. Maganin yana buɗe su, sai ƙwayar sankara ta ɗauka bairos ya shige ta, ta yi kururuwa da intaferon.

Duk wannan gaskiya ne, amma ga inda gizo ke saƙar. Ɓerayen North ƙarin tsoka ne da su. Marasa lafiyar Dijon masu ƙari ne a gaɓoɓi. Aikin 2015 a ƙwayoyin sankarar hanji da ta ƙwan mace aka yi shi. Ita kuwa AML, binciken kundin gadonta na 2013 ya tarar da sauye-sauye wajen 13 kacal a kowace, alhali sankarar fata ko ta huhun mai shan taba tana da ɗaruruwa. Ƙarancin sauyi yana nufin ƙarancin baƙuwar fuska da ƙwayar T za ta gane. In ka cire birki daga motar da ba ta san inda za ta ba, ba ka kai ta ko'ina ba.

Ko maganar awon ma ba ta miƙe ba. A Johns Hopkins an kafa al'adar ba da saiklofosfamaid miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin jiki a kwana na 3 da na 4 bayan dashen ɓargo. Ga mai kilo 60 wannan miligiram 3,000 ne a rana, ninki talatin na awon Dijon. A nan masu taka birkin ne suke tsira, saboda a wannan yanayi suna da wani sinadari da ke warware gubar, masu zafin kan da suka fara hayayyafa su ne ke mutuwa. Magani ɗaya, sakamako biyu masu karo da juna. Ba awo kaɗai ke yanke hukunci ba, har da ranar da aka ba da shi da halin da ƙwayoyin suke ciki.

4. Tsohon ƙaramin awo da muka manta

Da za a tambaye ni wane ƙaramin awo ne ya ceci rayuka mafi yawa a sankarar jini, ba zan ambaci sabon magani ba. Zan ce ƙwayar markaftofurin da yaro mai ALL, wani nau'in sankarar jini mai saurin yaɗuwa, ke sha kullum, da metotireksat sau ɗaya a mako, har magani ya cika shekara biyu ko fiye. Gertrude Elion da George Hitchings ne suka samar da markaftofurin a farkon shekarun 1950. Uwa ce ke ba da shi a gida, ta raba ƙwayar biyu idan awon ya faɗa tsakani, ta sa alama a kalanda. Ba ƙarin ruwa, ba kwanciya.

Muhimmancinsa ya fito ne daga waɗanda suka gwada taƙaita shi. A Tokyo, gwajin L92-13 ya ƙara wa matakan farko ƙarfi, ya tsayar da dukkan magani a shekara ɗaya. Waɗanda suka rayu ba tare da cutar ta dawo ba sun tsaya a wajen kashi 60 cikin 100, abin da ya gaza na tsarin da aka saba, kuma yaran da ake ɗauka cutarsu mai sauƙi ce su ma ta dawo musu da yawa. A Amurka kuma Smita Bhatia ta yi amfani da kwalba mai murfin da ke rubuta lokacin da aka buɗe shi, ta tarar cewa yaron da ke shan ƙasa da kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyinsa haɗarin dawowar cutar a gare shi ya haura ninki biyu. Kashi 95 fa: tsallake kwana biyu a wata ya isa ya fitar da yaro daga layi.

To shin wannan magani garkuwa yake tayarwa? Tarihinsa ya ce a'a. Robert Schwartz da William Dameshek sun nuna a ƙarshen shekarun 1950 cewa markaftofurin yana hana zomo yin antibodi. Daga gare shi aka samo azatayofirin, maganin da ya sa dashen ƙoda ya yiwu domin yana danne garkuwa. Metotireksat a ƙaramin awo shi ake ba mai ciwon gaɓoɓin da garkuwarsa ta juya masa baya, don a kwantar da ita. Yaran da ke wannan mataki ƙwayoyinsu na B suna faɗuwa ƙwarai, ƙyanda da ƙarambau suna iya kashe su, kuma ciwon huhun numosistis ya yi ta ɗaukarsu har sai da Walter Hughes na asibitin St. Jude ya nuna a 1977 cewa kotirimoksazol yana kare su. Ga ƙaramin awo mafi nasara a fagenmu, kuma mai danne garkuwa ne. Duk wanda ya ce "ƙarami" daidai yake da "mai tausayin garkuwa" sai ya fara warware wannan.

5. Inda ƙaramin awo ya samu abokin tafiya

Hujjar da ba ta da ja cewa garkuwa tana iya kashe sankarar jini daga dashen ɓargo ta zo. Barnes da Loutit sun hango ta a ɓeraye a Ingila a 1956. A 1990 Mary Horowitz ta tattara bayanan mutum 2,254 da aka yi wa dashe, ta nuna cewa cutar ta fi dawowa ga wanda aka dasa wa ɓargon abokin tagwaicinsa mai kama da shi sak, da wanda aka tace ƙwayoyin T daga ɓargon da aka ba shi. Ta fi ƙarancin dawowa ga wanda dashen ya ɗan yaƙi jikinsa. A shekarar dai, Hans-Jochem Kolb a Munich ya mayar da mutum uku masu CML, nau'in sankarar jini mai tafiya sannu, cikin lafawa bayan cutar ta dawo, ta hanyar zuba musu fararen ƙwayoyin jinin wanda ya ba su ɓargo.

Daga nan tambayar ta fito da kanta. In ƙwayoyin mai bayarwa ne ke aikin, me ya sa za a ƙone ɓargon mai karɓa ƙurmus? Rainer Storb a Seattle, da Shimon Slavin a Birnin Ƙudus, da Sergio Giralt a Houston suka rage shirin kafin dashe a ƙarshen shekarun 1990. Storb ya sauko da hasken radiyeshin daga wajen gire 12 zuwa 2. Manufar ta canza: a danne garkuwar mai karɓa daidai yadda baƙo zai samu masauki. Wannan ya buɗe ƙofar dashe ga 'yan shekara 60 da 70. Amma da aka yi gwajin ƙuri'a a Amurka a kan masu ƙarfin jiki 'yan 18 zuwa 65, wanda aka wallafa a 2017, sai da aka tsayar da shi kafin lokaci. Cutar ta dawo wa wajen kashi 48 cikin 100 na masu ƙaramin shiri, a kan kashi 13.5 na masu babba. Mutuwa ta dalilin gubar magani ta ragu, amma ragin bai biya wannan asara ba. Garkuwar baƙo ma tana son a rage mata yawan abokan gaba kafin ta iso. Kuma cutar tana da dabara: Luca Vago a Milan ya nuna a 2009 cewa wadda ta dawo bayan dashe takan yar da alamun HLA da ake gane ta da su.

Misali mafi tsabta shi ne na ƙwayoyin CAR-T, inda ake ɗibar ƙwayoyin T na mara lafiya a koya musu gane alamar CD19 a mayar masa. Kafin a mayar, ana ba da fuludarabin na kwana huɗu da saiklofosfamaid na kwana biyu, awon da ba wanda ke sa ran zai warkar da ALL da ta gagari magunguna. Aikinsa shi ne ya kwashe tsoffin limfosayit, abincinsu na IL-7 da IL-15 ya taru, masu taka birki su ragu, sababbin su samu fili su hayayyafa. Ƙungiyar Cameron Turtle a Seattle ta nuna a 2016 cewa ƙara fuludarabin yana tsawaita zaman ƙwayoyin a jiki. A gwajin ELIANA, cikin yara da matasa 75 da aka zuba wa, kashi 81 cikin 100 cutar ta lafa musu cikin wata uku. Wannan gwajin North ne aka maimaita a jikin ɗan'adam bayan shekara talatin da 'yan kai.

Bilinatumomab kuma antibodi ne mai hannu biyu, ɗaya ya kama ƙwayar T, ɗaya ya kama ƙwayar sankara, ya haɗa su fuska da fuska. Ba ya aiki sai da rayayyun ƙwayoyin T, kuma masu bincike a Würzburg sun nuna a 2017 cewa masu yawan ƙwayoyin birki sun fi ƙin amsa shi. A nan ne kiyaye garkuwa ya zama buƙata ta zahiri, ba fata ba. Robin Foà a Italiya ya ba manya 63 masu ALL mai kuromozom ɗin Filadelfiya dasatinib da siteroyid, sannan bilinatumomab, ba kemon jijiya a matakan farko sai na cikin ruwan laka. Bayan wata 18, kashi 95 cikin 100 suna raye. A Houston kuma Hagop Kantarjian ya cire dangin daunorubisin gaba ɗaya ga 'yan sama da 60, ya raba saiklofosfamaid biyu, ya zabge kashi uku cikin huɗu na metotireksat, ya cike gurbin da antibodin inotuzumab.

6. Inda aka bar shi shi kaɗai

Ga tsofaffi masu AML labarin ya fi tawali'u. Gwajin AML14 na Birtaniya, wanda Alan Burnett ya wallafa a 2007, ya ba da saitarabin miligiram 20 a ƙarƙashin fata sau biyu a rana na kwana goma. Cutar ta lafa wa kashi 18 cikin 100, a kan kashi 1 na masu haidiroksiyuriya, kuma cikin masu munanan kuromozom ba wanda ta lafa wa. Babban tsalle sai a 2020, da VIALE-A: mutum 431, azasaitidin da benetokilas suka kai tsaka-tsakin rayuwa wata 14.7, a kan wata 9.6 na azasaitidin kaɗai. Ci gaba ne na gaske. Amma benetokilas ƙofar mutuwar ƙwaya yake buɗewa ta hanyar toshe BCL-2, kuma zazzaɓi mai haɗe da faɗuwar nutrofil ya kama kashi 42 cikin 100, a kan 19. Wanda ya taɓa riƙe tsoho a zagaye na farko na wannan haɗi ba zai kira shi mai tausayin garkuwa ba.

Da aka zo gwada tunanin kai tsaye, wato a haɗa azasaitidin da maganin cire birki, sai abin ya ƙi. Haɗinsa da durbalumab bai ƙara komai ba a gwajin ƙuri'a. Manyan gwaje-gwajen magrolimab an rufe su a 2023 da 2024, na ƙarshen da ƙarin mace-mace. Bayan dashe kuwa, an ga a Birmingham cewa azasaitidin yana ƙara masu taka birki da mayaƙa a lokaci guda, aka yi fatan zai raba amfanin dashe da cutarwarsa. Gwajin ƙuri'a na Houston, 2020, bai ga ya hana cutar dawowa ba. An kuma san tun 2014 cewa azasaitidin da desitabin suna ƙara PD-1 da PD-L1, wato suna kunna kururuwa da hannun dama suna taka birki da hagu.

Gwaji biyu a yara ne suka fi ba ni sha'awa, domin daga wuraren da kuɗi ke da magana suka fito. A Suzhou ta ƙasar Sin, likitoci sun ba yara masu AML saitarabin wajen kashi ɗaya cikin goma na awon da aka saba, da ɗan mitoksantiron ko idarubisin, da allurar G-CSF mai ƙara fararen ƙwayoyin jini. Gwajin ƙuri'a a kan yara kusan 500 ya nuna lafawa wajen kashi 95 cikin 100 a ɓangarorin biyu, masu ƙaramin awo kuma jininsu ya fi saurin farfaɗowa. A Recife ta Burazil, yara 101 masu ALL da aka sassauta wa magani sun kai shekara biyar kashi 96 cikin 100 suna raye. Amma a karanta ƙananan rubutun. Yaran Suzhou matakin farko kawai aka rage musu, bayan lafawa sun sha cikakken awo, masu haɗari kuma an yi musu dashe. Yaran Recife sai da na'ura ta tabbatar a kwana na 19 cewa ƙwayar sankara ba ta kai ɗaya cikin dubu goma ba kafin a rage. Ragin lada ne ga cutar da ta nuna ladabi, kuma ba a buƙatar garkuwa don a bayyana nasararsa: yaron da bai mutu da ƙwayoyin cuta a watan farko ba yana nan a sha sauran maganin.

7. Ta ɓangarenmu

Ba baƙi ba ne mu 'yan Afirka a wannan muhawara. A shekarun 1960 Denis Burkitt a Yuganda da Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ke aiki a Ibadan, sun ga yaran da kumburin muƙamuƙinsu ya narke bayan allura ɗaya ko biyu ta saiklofosfamaid, wasu kuma bai sake dawo musu ba. Dukansu sun yi zargin akwai hannun garkuwar jiki, Ngu ya yi rubutu a kan haka, kuma suna cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker a 1972. Wannan cuta, wato cutar Burkitt, 'yar'uwar sankarar jini ce ta kusa, har takan cika ɓargo. Sai dai shekarun da suka biyo baya sun auna iyakar abin: saiklofosfamaid kaɗai a asibitocin Afirka yana tsayawa a wajen rabin yara, alhali cikakken tsari mai tsanani a Turai ya haura kashi 90 cikin 100.

Duk da haka kwafo tsarin Turai kai tsaye a ɗakin da ba filatilet a shirye, ba gwajin jinin da zai nuna ƙwayar cuta cikin kwana biyu, ga tamowa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga ciwon hanta nau'in B da kemo ke iya tayarwa, kisa ne da sunan bin ƙa'ida. Awon da ya dace da wuri shi ne wanda kulawar wurin za ta iya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin kashi 60 cikin 100 na yara masu sankara su rayu kafin 2030, daga ƙasa da kashi 30 a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi, kuma sassauta tsari bisa ilimi yana cikin hanyoyin kaiwa can.

Abin da nake tsoro shi ne a ari wannan harshe a lulluɓe wani abu daban. Mun san shi. An rubuta kwalba huɗu, uba ya dawo daga kyamis da biyu, ya ce sauran sai an sayar da hatsi. Zagayen da ya kamata a yi ranar 21 ya koma ranar 40 saboda kuɗin mota. Wani lokaci ma kwalbar ce ke rage awon: binciken da aka wallafa a 2025 a kan magungunan sankara a Kamaru, Habasha, Kenya da Malawi ya tarar da wajen ɗaya cikin shida sinadarin da ke ciki bai yi daidai da na jikin takarda ba. Wannan ba kemon ɗigo-ɗigo ba ne. Shi ne ainihin yanayin da ƙwayoyi masu taurin kai ke samun sarari su yi yawa.

Akwai kuma wani ragi da mu likitoci za mu iya yi ba da sani ba. A matakin markaftofurin ana daidaita awo ne da adadin nutrofil: a riƙe shi tsakanin 500 da 1,500 a kowane maikurolita, a dakatar da magani in ya faɗi ƙasa da 500, a ƙara in ya zauna sama da 1,500. An gina wannan ma'auni ne galibi a kan yaran Turawa. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, gadon da ya kare kakanninmu daga zazzaɓin cizon sauro nau'in bibaks, kuma masu wannan gado nutrofil ɗin da ke yawo a jininsu a ƙasa yake tun asali ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Yaro a Kano ko Damagaram zai iya zama a 1,200 ko ba a ba shi komai ba. Likita ya duba takarda ya ga lamba a cikin layi, ya bar awon yadda yake, ko ya ga ta ɗan sauka ya dakatar, alhali maganin bai kai inda ake so ba. Wannan tambaya ce da asibitocin koyarwarmu za su iya amsawa da abin da ke hannunsu: gwajin Duffy sau ɗaya a ranar da aka gano cutar, da littafin da za a rubuta awon da kowane yaro ya sha a zahiri, mako bayan mako, a gefen adadin nutrofil ɗinsa.